Takarduna Arba'in da Suka Ƙone a Lamashegu

Salaga zuwa Tamale

Ƙarfe biyar da kwata, bayan sallar asuba, motarmu ta tashi daga Salaga. Jakata tana kan cinyata, a ciki akwai takardu arba'in da na rubuta da hannu, aikin shekara biyu da nake yi kullum bayan an tashi daga makarantar da nake koyar da lissafi. Akwai abin da masana ke kira zeta, wanda sirrin lambobin da ba sa rabuwa yake ɓoye a cikinsa. Hawa yake yi da sauka ba tsari, don haka matsakaicin girmansa ake kintata a kan doguwar tazara, ni kuwa ina ganin na rage kuskuren kintacen. Mutum ɗaya na sani da zai iya dubawa, wani tsohon farfesa a unguwar Gurugu da ke Tamale, kuma ranar Asabar zai tafi Ankara, babban birnin ƙasarmu, jinya.

A shingen Kpalbe ɗan sanda ya buɗe jakar, ya ce, "Malam, laya kake sayarwa?" Fasinjoji suka yi dariya, ni ban yi ba. Tara da rabi muka shiga Tamale.

Lamashegu

Keke mai ƙafa uku ya kai ni gidan abokina Fuseini a unguwar Lamashegu a kan sidi goma. Mahaifiyarsa, Mma Azara, ta ba ni ɗaki da tuwon zafi. Na baje takardun a ƙasa ina jera su, aka kira la'asar, na fita ban ja ƙofa ba. Da na dawo ɗaki fes, an share.

"Mma, ina takarduna?"

"Ɗana, iska ya watsa su tsakar gida, awaki na takawa. Rubutun Allah ba ya zama a ƙasa. Na ƙona, na binne tokan gindin mangwaro."

Ta ga alamomin lissafin nan masu lanƙwasa, ta ɗauka Larabci ne. Raina ya ɓaci. Wa zan yi wa faɗa? Tsohuwar da take jiran in gode mata? Fuseini ya sha ce mini in ɗauki hotonsu a waya, na ƙi, wai kada a sace mini basira. Ga shi ɓarawo bai ɗauka ba, ni ma ban samu ba.

Gurugu

Washegari ƙarfe takwas na isa hannu rabbana. Da na gaya masa abin da ya faru, Farfesa ya miƙo mini alli, ya nuna allon barandarsa. Awa uku ina rubutu, sai na cije a matakin da ya ci mini wata biyar, wanda shi ne dukan aikin. Na goge, na sake, na goge.

"Ka rubuto ka aiko mini," in ji shi, "in ka same ni da rai."

Komawa

Ƙarfe ɗaya Mma Azara ta raka ni bakin titi, ta danƙa mini ƙunshin ƙosai. Sai da muka wuce Kpalbe na kwance shi. Ashe takardar ƙunshin shafin farko ne na aikina, wanda na biya aka buga da inji, sunana da kan maganar da Turanci, mai ya jiƙa shi. Shi kaɗai ta bari, da yake boko ne.

Biyar saura na isa gida lafiya, alhamdulillahi. Na gode wa Fuseini da Farfesa, na gode wa Mma, ko da yake har yanzu da ƙyar godiyar ke fita. Shafin yana kan teburina, na sa masa lamba ɗaya, na biyun kuma fari ne.