Tsohon da Ya Raina Faɗuwar 'Yan Wasa

Duk Asabar da rana Chizuru takan kunna talabijin a shagonta na taliya, bakin tashar jirgi a birnin Osaka, saboda wasan barkwancin da kowa ya haddace: da zarar mai gidan haya ya sansana takalminsa, sai 'yan wasa su zube ƙasa don wari.

Yau ga wani baƙon tsoho cikin koɗaɗɗiyar kwat ja, taliyarsa ta huce a gabansa. Ba ya dariya. Bakinsa yana rigan 'yan wasan faɗin kowace magana. Ko tsohuwar tallar sabulun da suke kwaikwayo shi kaɗai ya gane ta, ya kuwa ja mata tsaki.

Aka sansana takalmi, aka zube, shago ya kwashe da dariya. Tsohon ya daki tebur.

"Wannan ce faɗuwa? Dubi ɗan banzan can, sai da ya duba inda zai sa hannu! Kwanciya ya yi!"

"Haba Baba, wasa ne fa," in ji Chizuru.

"Wasa? Bari taliyarki ta caɓe, ki ce mini wasa ne!"

Ya sauko daga kujera da ƙyar, dafe da ƙugu, gwiwa ɗaya ta ƙi lanƙwasuwa. Chizuru tana bin ƙafar da kallo har ƙofa, ta gane tsohon ɗan wasa ne, tana tunanin sau nawa gwiwar nan ta daki katakon dandamali don mutane su yi dariya. A talabijin an sake zubewa. Ba wanda ya waiwayi ƙofa.