'Yan Kulkin Kawu

Kawuna direba ne, ya daɗe yana tuƙa wani likita Ba'amurke a asibitin koyarwa. Da mutumin zai koma ƙasarsu, bai bar masa agogo ba, bai bar masa rediyo ba, sai gwangwanin biskit cike da tsofaffin katuna masu hotunan 'yan wasan besbol, wani wasan ƙwallo na can ƙasarsu. Haba! Ina laifin ko da takalmi?

Amma Kawu ya riƙe su tamkar 'ya'yansa. Bayan la'asar sai ya baje su a tabarma a ƙofar gidansa da ke Gyaɗi-Gyaɗi, ya jera su bisa launin hula da shekarar da ke bayan kati. Ya san wanda ya bar masu jar hula ya koma wajen masu shuɗiya, har haushinsa yake ji: "Wannan butulu ne, kullum cikin canja gida."

Wasan shi kansa ne bai taɓa gani ba. Da yake kusan kowa a katunan riƙe yake da kulki, wani ma da ƙarfe a fuska, sai Kawu ya yanke cewa dukan juna ake yi. Shekara da shekaru yana ba 'yan majalisar ƙofar gidansa labarin wa ya fasa kan wa. Da wannan aka san shi har Tarauni, kuma in ya fara ba mai katse shi.

Ran nan wani tela abokinsa, sarkin neman magana, ya ce min, "Kai ɗan nan, nemo mana wasan a wayarka mu gani."

Ni kuwa, wallahi, na san abin da za a gani. Na ce ba ni da data. Kawu da kansa ya miƙo min tasa yana murmushi.

Muka zuba ido. Wani ya jefo ƙwallo, mai kulki ya kai mata duka bai samu ba. Sauran suna tsaitsaye a fili, ɗaya ma cingam yake tauna. Ba wanda ya taɓa wani. Tela ya fashe da dariya: "Malam, wai yaushe za a fara fasa kan ne?"

Tausayin Kawu ya kama ni sosai. Ya daɗe yana kallo, sannan ya karɓi wayar ya kife ta, ya shiga tattara katunan ɗaya-ɗaya yana goge su da hannun riga.

"Waɗannan yaran zamani ne," in ji shi. "Nawa ba haka suke yi ba."