Man Da Bai Zuba Ƙasa Ba

Mai Kunne ake ce masa, don in aka tayar da inji ya ɗan karkata kai, zai faɗa maka ciwonsa tun ba a kwance noti ko ɗaya ba. Shekara talatin da 'yan kai ya yi yana gyaran taraktocin mutane a wata rumfar kwano bayan gidansa. Da gwiwoyi suka fara yi masa gardama, sai ya sayi wata tsohuwar tarakta mai koɗaɗɗen fenti, ya tashe ta da hannunsa, ya damƙa wa ƙanin matarsa, Dogo, yana zuwa yi wa manoma huɗa. Dogo magidanci ne mai 'ya'ya biyar, ba shi da yawan magana, kuma bai taɓa kiran Mai Kunne da wani suna ba sai Yaya.

Ana tsakiyar aiki tarakta ta fara kasa ɗaga garma. Sai ta ɗaga rabi, ta yi rawa, ta sake ta ƙasa. Mai Kunne ya duba man haidurolik, wanda shi ke ba ta ƙarfin ɗagawa, ya tarar ya yi ƙasa sosai. Ya cika. Bayan kwana uku ya sake sauka. Ya bi tiyo ɗaya bayan ɗaya da tsumma, ya shafa famfo, ya ɗaure duk inda ake ɗaurewa. Ya shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta ta kwana a kai, da safe ya ɗauko shi fes, ko ɗigo babu.

Sau huɗu ana haka. A na biyar, wasu manoma biyu na zaune a benci suna jiran a ba su rana, Mai Kunne ya goge hannu ya ce, "Dogo, man nan ba ya zuba ƙasa, ba ya tashi sama. To galan ɗin wa yake shiga?"

Dogo ya dube shi, ya dubi manoman. Ya ciro makulli daga aljihu ya ajiye a kan benci. "Allah ya sani, Yaya," ya ce, ya fita.

A cikin gida matar Mai Kunne ta daina zama kusa da shi. Takan ajiye masa abinci ta koma ɗaki. Shi kuwa ya hau tarakta da kansa, gwiwa na ciwo, yana gaya wa zuciyarsa gaskiya ya faɗa.

Kwana shida da tafiyar Dogo, garma ta sake ƙin tashi. Ga kuma sabon abu: giya ta yi nauyi, tana wani irin gurnani, kuma mai mai kumfa yana tsattsafowa ta gindin sandar giya. Ya tsaya a bakin gona ya zaro ƙarfen auna man giyabos. Man ya wuce alama da kusan taƙi guda, ya kuma tsinke kamar ruwa. Ya daɗe riƙe da ƙarfen nan.

Maƙwabcinsa mai walda ya kama masa suka raba tarakta biyu. A tsakanin ma'ajiyar man haidurolik da giyabos akwai wata robar da ke hana mai tsallakawa, sil suke ce mata. Tana nan sabuwa, sai dai an saka ta a baibai. Duk man da ya ɓata ta nan ya bi. Kuma ba wanda ya taɓa wurin sai shi. Ya ma tuna ranar da ya saka ta: rumfa cike da 'yan kallo, ya ƙi sa tabarau don kada a ce tsufa ya zo.

Mai walda ya kau da kai ya ce, "Kayan yanzu ne, ba su da aminci."

"Kayan lafiyarsu ƙalau," in ji Mai Kunne. "Ni ne."

Ya sami Dogo a ƙofar gidansa yana gyaran danga. Ya miƙa masa sil ɗin, ya yi bayani yana kallon ƙasa. "Na ci zarafinka a banza. Ka yafe mini."

Dogo ya jujjuya robar a hannu. "Na yafe, Yaya. Amma a gaban mutum biyu ka faɗa, kuma yanzu har 'ya'yana sun ji a waje."

Washegari Mai Kunne ya bi manoman nan har gonakinsu ya kawo su rumfa, ya maimaita komai a gabansu, har maganar tabarau. Ɗayansu ya so ya yi dariya, ya ga fuskar dattijon, ya haɗiye. Da yamma matarsa ta kawo abinci ta zauna kusa da shi, ta ce, "Ka ci tun da zafi, Malam."

Dogo ya koma kan tarakta, sun ci gaba da gaisawa da zumunci kamar da. Sai dai tun daga ranar, ba ya zuba mata ko cokali ɗaya na mai sai ya leƙo ya ce, "Yaya, zo ka gani." Mai Kunne ya roƙe shi ya daina, ya ƙi. Haka dattijon zai taso da ƙyar, ya tsaya hannu a baya, ya rasa inda zai sa idonsa har a gama zubawa.