Abin da Na Rufe a Wayata

Tun kafin ɗiyata ta fara tari nake tsoron ranar da zan buƙaci waya in tarar data ta ƙare. Yayata ungozoma ce a Wad Madani, ita nake aika wa saƙon murya duk lokacin da jikin yarinya ya yi zafi.

Na lura ko ban taɓa wayar ba, data na raguwa. Na tambayi mai cajin waya a kasuwa, ya ce, "'Yar'uwa, kowace manhaja na shan rabonta, ko ba ki buɗe ta ba."

Sai na tuna babana a hawasha, gonarmu, yana toshe wata hanyar ruwa da laka don ruwan ya isa ga auduga. Na ce, "To nuna mini inda ake toshewa."

Karatuna kaɗan ne, da hoto nake gane manhajojin. Na rufe ta bidiyo da ta wasan mijina, na bar ta saƙo kaɗai. Mijina ya yi ta mita, ban buɗe ba.

Ranar da ƙirjin yarinya ya soma ƙara, na ɗauki sautin na aika, ya kuwa tafi. Yaya ta ce, "Kawo ta yau, kada ki jira gobe."

Don Allah, in kun ari wayar mai goyo, ku bar abin da ta rufe a rufe.