Neman Ƙanena a Arewacin Takanamat

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga tashar Tawa, a bayan wata farar a-kori-kura da ta ga jiya ta ga yau. Ƙanena na fita nema. Malami ne a wata ƙaramar lakwal, wato makarantar firamare, a arewacin Takanamat, kuma tun da aka fara cewa an ga masu bindiga a wajen, ba mu sake jin ɗuriyarsa ba. Inna ta daina cin abinci. Mu kuma muna yajin aiki a lise, sakandaren da nake koyarwa, ba ni da hujjar zama, sai na ce mata zan je in kawo shi. Da ƙarfin hali na faɗa.

Kuɗin mota ya hau tun da aka karya darajar sefa, wurin zama kuwa yana nan yadda yake. An cusa ni tsakanin buhun gero da wani dattijo dillalin awaki, ga wata akuya da ta ɗauki ƙafar wandona a matsayin karin kumallo. A Afala muka sayi ƙosai mai zafi da fura da ta sha yaji, masu tallar suna ta rantsuwa cewa tsadar ba laifinsu ba ce. Jandarman da ke bakin shinge ya duba takardunmu, ya dubi fuskokinmu ɗaya bayan ɗaya, ya ce, "Allah shi kai ku lahiya." Yadda ya faɗe ta ne ya sa na naɗe sauran ƙosan na ajiye.

Daga nan burji ya fara ɓacewa, sai fako da jajayen duwatsu da ƙaya. Direbobin wannan hanya suna da wata al'ada da ba sa saɓawa. Duk motar da ta fito daga arewa, sai a tsaya taga da taga, a yi sallama, a tambaya, "Ina labarin gaba?" Da amsar ake yanke shawarar ci gaba ko juyawa. Mota ta farko da muka gamu da ita ta ce lafiya lau, fasinjoji suka yi hamdala. Ni ban yi ba, don kimiyyar haske nake koyarwa, kuma wannan sana'a ta hana ni jin daɗin labari mai daɗi. Kullum ina gaya wa ɗalibai cewa ido ba ya ganin yanzu. Hasken rana yakan yi minti takwas da ɗoriya a hanya, don haka da za ta mutu, mata za su ci gaba da shanya hatsi ba su sani ba. Lafiyar da direban nan ya kawo mana ta hantsi ce. Abin da ke gabanmu a lokacin, ba wanda ya sani.

Rana ta take, kawalwalniya ta shimfiɗa ruwan ƙarya a kan fako. Can sai muka hango wani abu yana rawa a cikinta, kamar mota, kamar raƙumi mai ƙafafu da yawa. Direbanmu ya rage gudu, ya miƙa hannu ta taga kamar yadda aka saba. Motar ba ta tsaya ba. Ta wuce mu fuu, cike da mutane, kowa ya naɗe fuskarsa da rawani, direbanta yana kaɗa hannu yana faɗin abin da iska ta tafi da shi. Kafin in gane fuska ko ɗaya, sai ƙurarta.

A wannan hanya, ƙin tsayawa ya fi kowane mugun labari muni.

In tsoro ya kama ni, bakina ba ya rufuwa. Na juya ga dattijon na fara ba shi darasi. Na ce harsashi ya fi ƙararsa gudu, don haka in ka ji ƙarar bindiga, wannan dai ba kai ya samu ba. Na ce da a ce akwai abin da ya fi haske gudu, da ba za a ga zuwansa ba sam. Sai ya wuce ka tukuna, sannan ka ga siffarsa ta rabu biyu, ɗaya ta yi gaba, ɗaya tana komawa da baya inda ta fito. Na ƙara da cewa ya kwantar da hankalinsa, duk abin da yake da nauyi ba zai kai gudun haske ba, don ƙarfin da ake bukata ba shi da iyaka.

"Mushe," in ji shi, yadda ake kiran malamin boko a wajenmu, "don Allah bar ni in ji da tasbahata. Wanga karatu naka ƙara mini zawo shikai."

Direba bai yi shawara da kowa ba. Ya bar hanya ya yanki daji, ya zagaye wani kwari da motoci suka saba ratsawa. Ƙaya tana ta yagar riguna. Daga hagu muka ga baƙin hayaƙi yana tashi a miƙe. Wata mata ta danne kan jaririnta a ƙirji tana ta salati, ni kuwa na rufe ido, ina ganin ƙanena kwance a gindin hayaƙin.

A Takanamat kasuwa ta watse tun kafin la'asar, sai masu cuku ƙalilan suna ɗaure kaya. Na hau amalanken jaki zuwa ƙauyen da yake koyarwa. Ajin zana ne, ba kowa ciki. Rubutunsa na nan a kan allo, na gane yadda yake karkatar da haruffa. A ɗakinsa na iske butar shayi a kan murhu da ganye a ciki, rigarsa ta Juma'a a rataye. Komai yana nuna mini shi kamar yanzu ya fita, kuma na san irin wannan gani ba ya tabbatar da komai. Maigari ya ce, "Da sahe ya tahi bakin hanya neman mota. Wadda ya shiga, wallahi ba mu sani ba." Na tambaye shi hayaƙin fa. Ya ce mota ce aka tare a kwari, aka ƙone ta. Na zauna a ƙasa.

Ba motar da ta yarda ta motsa sai washegari, da rakiyar sojoji. A hanyar komawa Tawa muka bi ta kwarin. Ƙarfen motar yana nan baƙi ƙirin, an ce an riga an kwashe mutanen, kuma ba wanda ya iya gaya mini su wa aka kwashe, ko a wane hali. Duk tsawon hanya ina shirya kalmomin da zan faɗa wa Inna, ban samu ko ɗaya ba.

Ina shan kwanar layinmu a Tawa na ga tabarmi a ƙofar gida, maza zaune sun sunkuyar da kai, takalma birjik. Na ce shi ke nan, an kawo shi kafin in iso. Na matsa ina jan ƙafa, sai na ga wanda ake miƙa wa hannu ana cewa ya yi haƙuri. Ƙanena ne, idanunsa jawur, rawani a wuyansa.

Ya ɗago ya gan ni. "Yaya," ya ce, "an ce hwarar motar da munka wuce ita anka ƙone. Sai da na iso gida anka ce kana ciki."

Ashe yana cikin motar da ta ƙi tsayawa. Ni aka taru a yi wa zama. Limamin unguwa ya riga ya fara shawarar wanda za a tura ya nemo gawa.

Na sha rubuta wa ɗalibai a allo cewa saƙon da ya fi haske gudu zai iya isa tun kafin a aiko shi, mu yi dariya, in ce Allah ya rufa mana asiri da ya hana hakan. Yanzu na ga kamanninsa a ƙofar gidanmu, inda labarin mutuwa ya iso alhali ba a mutu ba, kuma ba abin dariya a ciki. Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, daga nesa ba ka sanin halin da naka yake ciki, sai ka kai hannu ka taɓa shi.

Inna ba ta karanta kimiyya ba, amma haka ta yi. Da na shiga ɗakinta ba ta yarda da idonta ba. Ta shafa fuskata, ta matsa kafaɗuna, ta aika aka kira ƙanena, ta riƙe wuyan hannun kowannenmu. A haka muka zauna har aka kira magariba, ba ta saki ko ɗaya ba.