Sunan da Ba a Faɗa a Gidanmu

Wani abokin cinikina a harkar riɗi ya yi wa ɗansa aure a Kano, sai mu 'yan kasuwar Kazaure muka haɗu muka ɗauki shatar motar kwasta guda. An tsara a tashi da sassafe, a ɗaura aure da hantsi, daga nan kowa ya kama gabansa a cikin birni, mota ta juyo gida bayan la'asar. Wanda ya makara ya nemi ta haya.

Na daɗe da yi wa yarana alkawarin kai su gidan namun daji, kasuwa tana hana ni. Su uku ne a lokacin, ban da jaririn da ke hannu: babban yana da shekara tara, mai bi masa mace ce 'yar shida, sai ƙaramar 'yar huɗu wadda muke kira Ummi. Maiɗakina tana cikin jego, ba ta fita. Ke nan ni kaɗai zan riƙe yara uku da hannu biyu, a garin da ban san kowa ba sai 'yan kasuwar hatsi.

Sana'ata ta koya mini kada in yarda da abin da na gani a bakin buhu. A Babura na sha sayen riɗi mai kyau a sama, in zazzage in tarar da yashi a tsakiya, kuma wanda ya sayar mini da shi mutum ne mai fara'a da yawan salati. Don haka tafiyar nan ma na bincike ta kamar buhu. Na fara da direba.

Na ce masa, "Bayan la'asar ɗin wa? Masallatan Kano ba tare suke tayar da sallah ba."

Ya ce, "Alhaji, kai ko kankana ka saya sai an fasa maka ita. In na idar da tawa sallar, na tayar da mota."

"A ina za ka yi taka?"

Ya ce mini akwai masallaci kusa da gidan bikin, nan zai ajiye motar. Ban sake shi ba sai da ya maimaita a gaban mutum biyu.

Ana gobe tafiya, da yamma, na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na tara yaran. Uwarsu tana daga ƙofar ɗaki da jariri a cinya. Na ce abinci daga gida za mu tafi da shi, dambu da dafaffen ƙwai da ruwanmu a gora. Ba mai karɓar alewa a hannun kowa. Ummi a hannuna na dama, mai bi wa babban a na hagu, shi kuma babban ya riƙe gefen rigata. In cunkoso ya raba mu, kowa ya tsaya inda yake, kada ya neme ni, ni zan neme shi.

Babban yaro ne mai tambaya. Ya ce, "Baba, in wani ya zo ya ce kai ka aiko shi fa?"

"Ƙarya yake."

"In da gaske kai ka aiko shi fa? In ka faɗi, ko mota ta buge ka?"

Uwarsa ta ce, "Kai, bakinka! Wane irin fata ne wannan?"

Amma tambayar ta zauna mini. Na shiga neman wata alama da ba wanda zai sani a Kano, sai na dubi Ummi. Sunan mahaifiyata ta ci, shi ya sa ake kiranta Ummi. Ni ban taɓa furta sunan nan ba tunda na yi wayo. Maiɗakina ba ta faɗar sunan surukarta. Maƙwabta ma Ummi suka sani. Na ce, "Duk wanda ya ce ni na aiko shi, sai ya faɗi sunan Ummi na yanka. In bai faɗa ba, ku yi ihu."

Na tambayi babban ko ya san sunan. Ya ce ya sani, malaminsu na Islamiyya ne ke kira da shi. Ya buɗe baki zai faɗa, uwarsa ta ce, "Kul! A gaban ubanka?" Muka yi dariya. Alama ce da mu kanmu ba mu iya gwada ta ba, kuma a ganina hakan ya ƙara mata ƙarfi.

Da safe muka kama hanya. Kafin mu wuce Ɗambatta Ummi ta yi barci. A cikin motar akwai maroƙin garinmu, wanda ba a gayyace shi ba amma bai taɓa rasa kujera ba. Ana shafa fatiha ya ɗaga 'yar lasifikarsa ya shiga bin mutanen Kazaure ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kaina ya kwarara: ɗan wance ta Roni, jikan wane. Na sunkuyar da kai yadda nakan yi duk lokacin da na ji sunan mahaifiyata a bainar jama'a, na sallame shi, na ci gaba da fama da yara. Wurin ya cika maƙil, Ummi kuma sai zillewa take, ina ta kiran ta da ƙarfi.

Mai adaidaita sahun da ya ɗauke mu zuwa gidan namun dajin ma ban sakar masa jiki ba. Na zauna ta bakin ƙofa, yara a ciki, ina kallon idonsa ta madubi. Da ya karya wata kwana da ban gane ba na ce ya tsaya, na tambayi wani mai faci ko hanyar ke nan. Ita ce. Mai adaidaitan ya ce, "Baba, daga ina?" Na ce masa daga nan kusa.

Yaran sun ji daɗi. Sun ga birai, sun ga kada kwance kamar gungume, sun ga kura tana kai da kawowa. Ummi ta tsorata da jimina, ta ce kaza ce ta aljanu. Muka zauna kan wani benci a gindin bishiya muka buɗe dambu, da niyyar in mun gama mu je wajen zaki. Nan mai bi wa babban ta ce ta matsu. Ban ɗakin yana bayan wata katanga, ita kuma ta ƙi shiga ita kaɗai. Na so in kwashe su duka, amma Ummi ta cire takalma tana cin ƙwai, na ɗaga ta ta sa kuka. Na dubi wurin, mata da yara ne ko'ina. Na ce wa babban ya riƙe ta, kada ya motsa.

Ban daɗe ba. Da na zagayo katangar, jakar abincinmu tana kan benci, ba yaro ko ɗaya.

Ban yi ihu ba. Na ɗauki yarinyar da ke hannuna na saɓa a kafaɗa, na dubi hanyar fita kafin ko'ina, domin in ɓata suka yi suna ciki, in ɗauke su aka yi ƙofa za a nufa. Can na hango su. Wani dattijo ne cikin shadda ruwan toka, da furfura a gemu, yana riƙe da hannun Ummi, babban yana biye da su da takalmanta a hannu. Tafiya suke a hankali, ba gudu ba. Na zagaya ta gefe na sha gabansu, na tsaya tsakaninsu da ƙofa. Kafin in ce komai na zare hannun Ummi daga nasa.

Ya yi murmushi. "Af, ga shi nan ma. Sannu ɗana. Yanzu nake cewa bari in saya musu yogot a bakin ƙofa kafin ka fito."

Na ce, "Sannu Baba. Ban gane ka ba."

"Ina za ka gane ni? Ni mutumin Roni ne. Mahaifiyarka, Allah ya jiƙanta, a gidansu muke wuni muna yara, ita ke soya mana gyaɗa. Da na ji kana kiran wannan Ummi na san takwararta ce."

Idonsa ya kawo ruwa. Na ce amin. Amma na taɓa ganin mutum yana hawaye a kan buhun da shi ya zuba wa yashi, don haka na shiga tambaya, cikin ladabi, domin ya girme ni.

"A ina ka gan mu, Baba?"

"Wurin ɗaurin aure. Na so in gaishe ka, cunkoso ya hana."

Sai a lokacin lasifikar maroƙi ta faɗo mini a rai. Duk wanda ya tsaya a wurin nan ya ji sunan, ya ji Roni, ya kuma ji ina kiran Ummi. Ba sai ya taɓa cin gyaɗar kowa ba.

Na tambaye shi unguwarsu a Roni. Ya faɗi unguwar da take ta gaske ce, kusa da ta kakannina. Na tambayi sunan kakana, ya faɗa daidai, amma wannan ma maroƙi ya faɗe shi. Sai na ɗana masa tarko. Mahaifiyata ba ta da ɗan'uwa namiji ko ɗaya. Na ce, "Ashe ka san yayanta mai ɗinki."

Ya ce, "Mai ɗinki... Ka san na bar gari da daɗewa, ban riƙe kowa da kowa ba."

Bai faɗa tarkon ba, bai kuma tsallake shi yadda ɗan gida zai tsallake ba. Ɗan gida cewa zai yi, wane yaya kuma?

"Me ya kawo ka nan, Baba?"

"Jikokina na kawo. Suna mota, a waje. Ku zo mu je gida ku ci abinci, ba nisa. In kai ku wajen motarku da kaina."

"Ka bar jikoki a mota cikin ranar nan?"

"Da direba suke."

Na ce masa mun gode, amma ya shigo da su mu gaisa a nan. Ya dube ni na ɗan lokaci. Ban sani ba ko kallon wanda aka gano ne ko na wanda aka ci wa fuska, a fuskar dattijo duk kama suke yi. Ya ce to, ya fita, ya karya hagu cikin motocin da ke jere, ya ɓace mini.

Ban jira in ga ko zai dawo ba. Jakar abinci ma a can na bar ta. Na tsaya jikin masu gadin ƙofa har adaidaita ta zo, muka shiga, a tsakiyar hanya na sauke mu muka canza wata. Muka isa wajen kwasta ko azahar ba a gama ba. Direba yana kwance a inuwa, ya ɗago ya ce, "Alhaji, ai ko ladan bai yi alwalar la'asar ba."

Cikin motar muka zauna, zafi kamar tanda. Mai bi wa babban tana ta ƙunƙuni ba ta ga zaki ba. Can babban ya ce, "Baba, ai ya faɗi sunan."

Na ce ya gaya mini yadda aka yi. Ya ce mutumin ya zo ya tsuguna gaban Ummi, ya kira ta da sunan, ya ce takwarar kaka ce wannan ko, ku taso mu je bakin ƙofa. Bai ce ni na aiko shi ba. Yaron ne ya ji sunan ya ɗauka an cika sharaɗi. Ban dake shi ba, ban ma yi masa faɗa ba. Na ce daga yau babu wata alama, wanda ba ni ba ne, ba ni ba ne.

Da mutane suka fara dawowa na siffanta musu dattijon. Ba wanda ya san shi. Maroƙi ya ce kamar ya gan shi, amma shi kowa ka siffanta masa kamar ya gan shi. Muka shiga Kazaure ana kiran magariba. Na miƙa wa maiɗakina Ummi tana barci, ta dubi sauran biyun, ta tambaye ni ina jakarta. Sai da yara suka ci abinci na gaya mata. Ta jawo yarinyar jikinta, jariri a hannu ɗaya ita a ɗaya.

Bayan kwanaki na hau babur na je Roni wajen ƙanwar mahaifiyata, wadda ita kaɗai ta rage, idonta ma ya yi rauni. Na ba ta labari. Ta ce yaran da suka ci gyaɗa a gidansu ba su ƙirguwa, kuma akwai wani gida a waccan unguwar da suka koma Kano tun tana budurwa, suna da 'ya'ya maza. Ko shi ne ko ba shi ba ne, ba ta da tabbas. Sai ta juyo kaina.

"Kai dai ka cika zargi. In ɗan'uwa ne fa? Ka tsare dattijo da tambaya kamar ɗan sanda."

Na ce, "Inna, ɗan'uwa yakan jira uban yara ya fito."

"Wani ba ya kawo komai a ransa. Da can ai kowa ɗaukar ɗan kowa yake."

"In ɗan'uwa ne ya san hanyar Roni. Ya zo nan ya same ki, ni kuma in zo in durƙusa in ba shi haƙuri."

Ta ce to, Allah ya kawo shi. Har ta rasu bai zo ba. Hakan bai tabbatar mini da komai ba, domin ni ma da wani ya yi mini irin kallon da na yi masa a bakin ƙofar nan, ba zan nemi hanyar gidansu ba.