Dattijon da ke jiran jar mota ta rama

A wani shagon gahawa a unguwar Dokki ta Alƙahira kowa ƙwallo yake kallo, ban da wani dattijo Bahaushe da ya jingina sandar guragu da gwiwarsa. Tseren motocin Amurka na bara yake ta maimaitawa a waya, daidai inda shuɗiyar mota ke maka ja da bango. Lafiyayyar ƙafarsa tana danna ƙasa kamar totur.

Na ce, "Baba, ai wannan tseren khalas, ya wuce."

Bai ɗago ba ya ce, "Fabrairu za a dawo. Mai jar nan ya warke, wallahi sai ya rama."

Ina jin direba ne a da, wanda ya karya shi kuma yana nan yana yawonsa a titunan Alƙahira. Allah ya haɗa su a kwana.